Me Ke Yanke Farashin Ƙananan Jiragen Ƙasa a Gwanjon Intanet?

Za a iya kawo kan jirgi biyu gwanjo a mako ɗaya, kamfani ɗaya ya ƙera su, lamba ɗaya ke jikinsu, a shekara ɗaya suka fito, amma a sallama ɗaya a kan kuɗin da ya ninka na ɗayan sau goma. Wanda bai san harkar ba sai ya ce hauka ne ko kuma sa'a. Wanda ya santa kuwa zai nemi a juya masa cikin jirgin ya gani, ya tambayi ina kwalinsa, ya duba ko an taɓa kwance sukurorin, sannan ya tambayi mutum nawa suka yi tayi a minti na ƙarshe. A cikin amsoshin waɗannan tambayoyi farashin yake.

Jiragen da ake magana a kansu su ne 'yan ƙananan kwaikwayo na jirgin ƙasa, masu tafiya a kan ɗan layin dogonsu, wasu da sifirin da ake murɗawa da makulli, wasu da lantarki. An fara ƙera su domin wasan yara, daga baya manya suka ɗauki abin da gaske. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus, wanda aka kafa a 1859, shi ya nuna tsarin layuka masu tsayayyen faɗi a baje kolin Leipzig na 1891, sauran kamfanoni suka bi sawunsa. A Amurka Joshua Lionel Cowen ya kafa Lionel a 1900 a birnin New York. A Ingila Frank Hornby, mai kamfanin Meccano na Liverpool, ya fito da jiragensa masu tafiya da sifirin a 1920, sannan a 1938 aka fito da Hornby Dublo. Waɗannan sunaye uku su suka fi cika shafukan gwanjo, sai Bing, Ives, American Flyer da Wrenn suna biye.

Abu na farko da ke ruɗin sabon shiga shi ne ɗaukar tsufa a matsayin daraja. A farkon shekarun 1950 Lionel shi ne kamfanin kayan wasa mafi girma a duniya. Jiragen da ya zuba kasuwa daga 1945 zuwa 1969 ba su ƙirguwa, kuma da ƙarfe mai ƙwari aka yi su, shi ya sa har yau ba su ƙare ba. Ƙaramin saitin da aka saya wa yaro a wancan lokaci ya haura shekara 50 yanzu, amma dubbai irinsa na nan a ɗakunan ajiya, kuma kullum sai an kawo wasu gwanjo. Kuɗinsa kaɗan ne, wani lokaci ma kuɗin aikawa ya fi kuɗin kayan. A ɗaya gefen akwai jirgin da Lionel ya yi domin 'yan mata a 1957, mai kai ruwan hoda da taragai masu launuka masu haske. Bai samu kasuwa ba ko kaɗan, aka daina yin sa da wuri, har wasu masu shaguna suka sake masa fenti baƙi don su rabu da shi. Rashin kasuwar nan ita ta sa ya yi ƙaranci, ƙarancin kuma ya sa na asalinsa ke tsada a yau. Haka lamarin yake ga manyan jiragen kafin Yaƙin Duniya na Biyu, irin su 700E Hudson na 1937 da saitin Blue Comet: tun suna sabbi masu hali kawai ke iya sayensu, don haka ba a yi su da yawa ba.

Akwai kuma kayan da aka yi musamman don masu tarawa daga shekarun 1980 zuwa 1990, aka rubuta a kwalinsu cewa adadinsu ƙayyadadde ne. Kowa ya saya ya ɓoye bai buɗe ba, yana jiran ranar da zai yi tsada. Sakamakon shi ne kusan duk wanda aka ƙera yana nan fes a kwalinsa. Abin da kowa ya adana ba ya ƙaranci, shi ya sa da yawa daga cikinsu ake sallamawa ƙasa da kuɗin da aka saye su sabbi.

Intanet ce ta fito da wannan gaskiya fili. Kafin eBay, dandalin gwanjon intanet, ta bayyana a 1995, mai neman wani tarago sai ya jira babban taron masu tarawa, kamar wanda ake yi a York ta jihar Pennsylvania a watannin Afrilu da Oktoba, ko ya dogara da dillali. Idan ya shekara bai ga irinsa ba, sai ya ɗauka abin ba ya samuwa, ya biya duk abin da aka ce. Da kowa ya samu damar saka hoton abin da ya tarar a gidan kakansa, sai aka gane cewa yawancin kayan da ake yi wa kallon masu wuyar samu ashe warwatse kawai suke. Farashin matsakaitan kaya ya sauka. Na ainihin masu ƙaranci kuwa ya hau, domin yanzu mai tayi daga Jamus da na Amurka da na Japan suna haɗuwa a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya. Kasuwar ta rabu biyu, kuma tazarar sai ƙaruwa take yi, musamman da yake waɗanda suka yi ƙuruciya da waɗannan jirage suna tsufa, magadansu na fito da tarin gaba ɗaya, masu saye kuma ba su ƙaru daidai da haka ba.

To a cikin kaya iri ɗaya, lafiyar jikin abin ce ke raba farashi. Ƙungiyar masu tara jirage ta Amurka, Train Collectors Association, wadda aka kafa a 1954, tana da ma'auni daga C-1 zuwa C-10 da gidajen gwanjo da yawa ke amfani da shi. C-10 shi ne sabo dal wanda ba a taɓa ɗora shi a layi ba. C-8 kamar sabo ne, an ɗan tuƙa shi amma babu tsatsa, babu ɓangaren da ya ɓata. C-7 yana da 'yan ƙananan ƙarce da ɗan ɓallewar fenti. C-6 da C-5 su ne jiragen da yaro ya yi wasa da su sosai. Daga C-2 zuwa ƙasa sai gyara ko cire kayan gyara. Abin lura shi ne farashi ba ya hawa daidai da lambobin. Daga C-5 zuwa C-6 bambancin ƙalilan ne, amma daga C-7 zuwa C-9 yana iya ninkawa sau da yawa, saboda masu kuɗin cikin masu tarawa sun riga sun mallaki matsakaicin, mafi kyau suke nema su maye gurbinsa. Sai dai a gwanjon intanet mai sayarwa shi ke ba kayansa maki, kuma ido na son nasa. Mai hankali yakan rage mataki ɗaya daga abin da aka rubuta har sai hotuna sun tabbatar masa.

Kwali ma ana ba shi makinsa daban, daga P-1 zuwa P-10. Wanda bai saba ba zai yi mamakin ganin ana rububin kwalin da babu komai a ciki, amma dalilin a fili yake: yara sun adana jirgi, sun yar da kwali. Ana duba launinsa (na Lionel bayan yaƙi ruwan lemo ne da shuɗi, na jiragen Dublo masu tafiya a kan layi mai ƙarfe uku shuɗi ne, na masu ƙarfe biyu ja), ana duba ko duka leɓunansa suna nan, ko an liƙa salatif, ko lambar da aka buga a gefensa ta yi daidai da jirgin da ke ciki, ko takardar bayani da 'yan kwalayen da ke riƙe jirgin daga ciki sun cika. Babban kwalin da ya haɗa saiti gaba ɗaya shi ya fi kowanne wuyar samu. Akwai kwalaye na kwaikwayo da ake bugawa yanzu, kuma ba laifi ba ne idan an faɗa. Ana gane su da hasken takarda, da rashin lanƙwasa a leɓuna, da cikinsu da bai yi duhun tsufa ba.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne batun asali. A wajen masu tarawa, jirgin da fentinsa na masana'anta ya ɗan ƙarce ya fi wanda aka sake wa fenti daraja, ko da sabon fentin na ɗaukar ido. Wanda aka gyara yana da masu sonsa, musamman masu tuƙawa, amma kuɗinsa yakan yi ƙasa sosai da na asali mai kyau. Matsalar tana tasowa ne idan aka gyara ba a faɗa ba. A hoto akwai alamomin da ake bi. Tsofaffin jiragen kwano ana haɗa sassansu da 'yan ƙananan harsunan ƙarfe da ake lanƙwasawa ta ciki. Idan an taɓa buɗe su, fentin wurin zai tsage, ko a ga sawun filaya. Inda masana'anta ta buga ribit, wato 'yar ƙusar da ake daddale kanta, idan aka ga sukuru da noti, an taɓa wurin. Sabon fenti yakan rufe ƙananan ramukan tsatsa maimakon ya kasance a ƙarƙashinsu, yakan kuma fantsama a kan waya ko gefen ƙafa inda bai kamata ya kai ba. Rubutun jiki ma shaida ne: wasu an buga su da hatimin roba, wasu da hatimi mai zafi wanda ke ɗan nutsewa cikin jikin, sabon kuwa sau da yawa siririyar takarda ce da aka manna, ana iya hango gefenta idan haske ya bugo ta gefe. Idan kaya ya iso hannu, fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana nuna inda aka yi ciko, domin tsohon fenti da sabo ba sa amsa hasken iri ɗaya. Hanci ma na aiki, sabon fenti yakan daɗe bai bar wari ba.

Bayan fenti sai haɗe-haɗe. Ana ɗaukar gangar jiki mai kyau daga wannan jirgi a ɗora a kan ƙasan wancan, ko a haɗa kan jirgi da taragon kwal da ba nasa ba. Kamfanoni irin su Williams da MTH sun sake ƙera shahararrun jiragen da, Lionel da kansa ya sake fito da wasu, har da na 'yan matan nan. Ba yaudara suka yi ba, suna saka alamarsu, amma alama na iya gogewa a hannun wanda ke so ta goge. Ƙugiyoyin haɗa taragai suna taimakawa a nan, domin kowane zamani da irin nasa. Idan ƙugiyar ba ta dace da shekarar da aka ce ba, akwai magana.

Sai kuma ƙananan bambance-bambance a cikin lamba ɗaya, kuma nan ne ilimi ke zama kuɗi. Taragan kaya na Lionel masu lamba 6464, waɗanda aka yi daga 1953 zuwa 1969, misali ne da kowa ya sani a harkar. Masu tarawa suna ƙirga jerin kawunan ribit da ke gefen tarago don su san wane zubi ne, suna duba launin ƙofa da launin rubutu da launin robar da ke ƙarƙashin fenti. Tarago biyu na iya ɗaukar lamba ɗaya, ɗaya ya zama gama-gari, ɗayan kuma 'yan kaɗan aka yi kafin a sauya launi. Littattafan farashi irin na Greenberg a Amurka, na Ramsay a Birtaniya da na Koll don kayan Märklin sun fi amfani a wannan fanni na tantancewa. Alƙaluman kuɗin da ke cikinsu kuwa a ɗauke su da taka-tsantsan, domin an tattara su watanni kafin a buga, kasuwa kuma ba ta jira.

Akwai cututtukan da ke cin waɗannan kaya, kuma mafi muni ita ce ruɓewar tutiya. Sassa da yawa, kamar ƙafafu da ƙashin ƙasa da wani lokaci gangar jiki baki ɗaya, an zuba su ne da gaurayen ƙarfen da tutiya ta fi yawa a ciki. Idan ɗan dalma ya shiga gaurayen a lokacin zubi, ƙarfen zai riƙa lalacewa daga ciki a hankali, laima kuma na ƙara masa sauri. Da farko sai ya kumbura kaɗan, fenti ya yi tsage-tsage kamar busasshiyar laka, ƙashi ya lanƙwashe, ƙafafu su cije su ƙi juyawa, a ƙarshe ya farfashe a hannu. Ba shi da magani. Manne shi da gam ba ya tsayar da shi, sai dai a sauya ɓangaren, sauyawar kuma ta rage asali. Ya fi yawa a kayan shekarun 1920 da 1930. Jiragen kamfanin Dorfan sun yi ƙaurin suna a kai, har samun lafiyayye ya zama abin nema, kuma ko 700E mai tsada bai tsira ba. Ya sake ɓulla a wasu samfura na shekarun 2000. Don haka hoton gefe kaɗai bai isa ba. A nemi hoton ƙasan jirgin daga kusa, a nemi a ɗora shi a kan gilashi ko tebur mai santsi a ga ko duka ƙafafun sun taɓa ƙasa, a dubi layin rufin ko ya miƙe.

Batir ma ya kashe jirage da yawa. Kawunan dizal na Lionel irin F3, waɗanda suka fara fitowa a 1948, suna da ƙaho mai aiki da babban batir guda da ake sakawa ta ƙasa. Yaro ya girma, an ajiye jirgi da batir a ciki shekara talatin, ruwan batir ya zubo ya ci maƙalarsa, ya ci ƙashin, wani lokaci ya huda har waje. Daga sama jirgin fes yake. Sai an buɗe murfin ƙasa za a ga farin gari da koren tsatsa. Duk tallan F3 da babu hoton wannan wuri, a tambaya kafin a yi tayi. Jiragen tagulla da aka ƙera da hannu a Japan bayan yaƙi, daga baya a Koriya ta Kudu, nasu ciwon soso ne: sosan da ke cikin kwali yana narkewa da tsufa, ya manne a jiki ya ci fenti. Motocin Hornby Dublo kuwa, wato 'yan injinan lantarkin da ke juya ƙafafun jirgin, maganaɗisunsu na raunana, musamman idan an taɓa ciro shi ba bisa ƙa'ida ba, sai motar ta riƙa jan wuta fiye da kima tana zafi har wayarta ta ƙone. Tsohon giris na daskarewa ya riƙe giya, rigar tsofaffin wayoyi na bushewa ta ɓare. Waɗannan biyun gyaransu mai sauƙi ne, ba su cika taɓa farashi ba. Jiragen zamani masu sauti da kwakwalwar lantarki su ne akasin haka: idan allon ya mutu kuma kamfani ya daina yin irinsa, gyaran na iya cin rabin kuɗin jirgin. Tsohon jirgi mai mota da waya kawai ana iya tayar da shi bayan shekara 80, abin da ba a da tabbacinsa ga allon lantarki.

Shi ya sa kalmar “ba a gwada ba” take da nauyi a talla. Idan magajin da bai san komai a harkar ba ne ya rubuta, wataƙila gaskiya ce, ba shi da layi ko taransifoma. Idan kuwa wanda ya sayar da ɗaruruwan jirage ne, da wuya a ce ba shi da inda zai gwada. Mafi aminci a yi tayi kamar jirgin ba ya aiki. Gwajin ma yana da haɗarinsa idan ba a san irin wutar ba. Lionel da Märklin na da suna aiki da wuta mai kai-komo, Dublo da yawancin sauran jiragen HO (sunan wani girman jirgi ne) da wuta mai miƙewa ta volt 12. A ba motar Dublo wutar Märklin, sai ta yi gurnani ta ƙone. Tsohuwar taransifomar Märklin tana juya alƙiblar jirgi ne ta hanyar harba wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci, wannan harbin na iya lalata allon jirgin zamani. Taransifomar da aka yi wa wutar Amurka ta volt 120 ba ta shiga wutar Turai ta volt 230. Girma ma a tabbatar: faɗin layin O milimita 32 ne, na HO da OO milimita 16.5 duk da cewa HO kashi ɗaya cikin 87 ne na girman jirgin gaske, OO kuma ɗaya cikin 76, na N milimita 9. Hoto ba ya nuna girma, kuma masu sayarwa da yawa suna rubuta wanda ba shi ba.

Duk wannan bayani a kan kayan ne. Sauran rabin farashin yana cikin yadda gwanjon kansa ke aiki. A eBay da makamantanta, mai tayi yana saka iyakar abin da zai iya biya, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan a madadinsa. A ɗauka wani ya saka dala 500, wani ya saka 310. Na farko zai ci a kan dala 315, ba 500 ba. Da na biyun bai zo ba, kuma na ukun a 140 ya tsaya, da a kan 142.50 za a sallama. Jirgi ɗaya, rana ɗaya, amma zuwan mutum ɗaya ya ninka kuɗin. Ma'ana, wanda ya zo na biyu shi ke yanke farashi. Saboda haka sakamakon gwanjo guda ba ya nuna darajar abu. Yana nuna cewa a wannan daren mutum biyu sun so shi, ko kuma mutum ɗaya ne kawai ya gani. Mai son sanin daraja sai ya duba kayan da aka riga aka sayar, ba waɗanda ake nema wa kuɗi ba, domin kowa na iya rubuta adadin da ya ga dama ya bar shi shekara. Ya tattara sakamako biyar zuwa goma na lamba ɗaya a yanayi ɗaya, ya cire mafi sama da mafi ƙasa, ya riƙe na tsakiya.

Yadda ake rufe gwanjo ma ya bambanta. A eBay lokaci tsayayye ne, idan ya cika ya cika, shi ya sa gogaggu ke jira sai daƙiƙu na ƙarshe su jefa tayinsu sau ɗaya, don kada su ba abokin hamayya damar tunani ya ƙara. Wasu dandalin kuwa suna ƙara 'yan mintoci duk lokacin da sabon tayi ya shigo a ƙarshe, a nan wannan dabara ba ta da amfani, wanda ya fi juriya shi ke ci. A irin wannan ne zuciya ke ɗaukar mutum ya wuce iyakarsa, domin bayan tayi na biyar ba jirgin yake nema ba, nasara yake nema. Maganinsa a rubuta iyaka tun kafin a fara, a saka adadi maras zagaye kamar 312 maimakon 300, a kuma tsaya a kai. Akwai kuma tayin bogi, inda mai kaya ke sa nasa su tura farashi sama. Dokokin dandali sun hana, a ƙasashe da yawa ma laifi ne. Alamarsa ita ce asusun da ke yin tayi a kayan mutum ɗaya kawai, yana ƙara kaɗan-kaɗan har ya gano iyakar wani, sannan ya janye, ko kuma kayan da aka ce an sayar ya sake dawowa bayan mako guda daga hannun mai shi.

Gidajen gwanjo na musamman, irin su Vectis a Ingila da Stout Auctions a Amurka, suna gudanar da nasu kai tsaye ta intanet. Amfaninsu shi ne akwai wanda ya san kaya ya duba ya rubuta bayani, kuma manyan masu tarawa a can suka fi taruwa. Amma kuɗin da guduma ta faɗi a kai ba shi ne abin da za a biya ba. Akwai la'adar mai saye, wadda yawanci ke kaiwa kashi 20 cikin ɗari ko sama da haka, wani lokaci da ƙarin kuɗin dandalin da aka bi aka yi tayin. A Birtaniya ana ɗora harajin kashi 20 a kan la'adar. A yi lissafi da misali: guduma ta faɗi a dala 400, la'ada kashi 22 ta zama 88, dandali kashi 3 ya zama 12, aikawa 45. An biya 545, ban da kuɗin kwastan idan kayan zai tsallaka iyaka. Idan gobe aka mayar da shi gwanjo, gidan ya cire kashi 15 daga mai sayarwa, sai guduma ta faɗi a wajen dala 640 kafin mutum ya mayar da uwar kuɗinsa. Wato sai farashi ya tashi da kusan kashi 60 cikin ɗari. Kaɗan ne daga cikin jirage ke yin haka, kuma duk mai shiga harkar da niyyar jari ya kamata ya yi wannan lissafin kafin komai. Ƙiyasin da gidan gwanjo ke rubutawa a gefen kaya ma sau da yawa ana sassauta shi da gangan don a jawo masu tayi.

Ga mai sayarwa, babban kuskure shi ne gyare-gyaren da ba a nema ba. Kada a wanke, kada a goge da man goge ƙarfe, kada a cika fenti. Ruwa da sabulu na iya ɗauke rubutun hatimin roba a shafa ɗaya, wasu launuka kamar ja da ruwan azurfa na Lionel ma ba sa jure ruwa. Burushi mai laushi a busashe ya isa ya kawar da ƙura. A ɗauki hoto a hasken rana ba tare da walƙiyar kyamara ba: gefe biyu, gaba, baya, sama, ƙasa, sai kowane lahani daga kusa, sai kwalin ta kowane gefe. Nuna lahani yana ƙara tayi, domin sayen kaya ta hoto cinikin biri a sama ne, kuma mai saye yana rage kuɗi ne daidai da abin da bai gani ba. A rubuta sunan kamfani da lamba da girman layi a kan taken tallan, saboda da lamba masu tarawa ke bincike. Saitin da ya zo tare da babban kwalinsa kada a raba shi. Tarin da aka haɗa daga nan da can kuwa a ware masu daraja a sayar da su ɗai-ɗai, a haɗa gama-garin wuri guda. Layuka da taransifomomi na yau da kullum suna da nauyi, kuɗinsu kaɗan, sau da yawa ba su cancanci a aika su nesa ba.

Aikawa ita ce matakin da jirgin da ya rayu shekara 70 ke iya mutuwa a kwana uku. Kan jirgin ƙarfe mai nauyi idan yana motsi a cikin tsohon kwalinsa, zai fasa leɓunan kwalin ya karya nasa fitilu da matakalai, a yi asara biyu. Ana fitar da shi a naɗe shi da takarda mai laushi marar sinadari, sannan a sa ledar kumfa a samanta, kada ledar ta taɓa fenti kai tsaye domin tana barin sawun da'irori. A raba kan jirgi da taragon kwal, a cire batir da duk wani ɗan ɓangare mai cirewa a sa su a 'yar jaka daban. Tsohon kwalin a cika shi da takarda don kada ya lotse, a naɗe shi shi kaɗai. Sannan a saka komai a kwali mai ƙwari, a saka wannan a cikin wani mafi girma, a bar tazarar santimita 5 ta kowane gefe cike da abin tare bugu. Idan aka girgiza aka ji motsi, a sake shiryawa. Kaya mai tsada a yi masa inshora da lambar bibiya. Mai karɓa kuma ya ɗauki hoton kwalin kafin ya buɗe, ya ɗauki kowane mataki na buɗewar, ya ajiye kayan naɗin, domin idan ƙorafi ya taso kamfanin aikawa da dandalin gwanjo waɗannan hotuna za su fara nema, kuma wa'adin shigar da ƙorafin gajere ne.